Duwatsun Murhu

Ƙarfe huɗu da rabi agogo ya buɗe baki,
na danne shi kafin ya tashi Suwaiba.
Takalmina na bakin ƙofa, ruwan jiya ya same shi,
cikinsa da sauran danshi.
Haka na zura shi.

Ana sallame asuba na kama titi,
daga Palladan na nufi Kwangila.
Ƙarƙashin gada mai shayi na hura wuta,
ya ce, "Malam, wa ya biyo ka?"
Kullum sai ya tambaya, kullum hannu nake ɗaga masa.
Kilomita goma sha biyu na rubuta a takarda,
takwas na yi,
don a hanya na tuna ba a sayi burodi ba.

Gasar nan duwatsu uku gare ta, kamar murhu:
ka yi iyo, ka hau keke, ka sauka ka ruga.
Ni ko na tashi ruwa bai taɓa wuce gwiwata ba,
sai Kubanni da damina,
shi ma bulala na jira a gida.
Ina da shekara talatin da takwas
na fara koyon shaƙar iska ta gefen baki,
wani ɗalibi da ban fi shekara biyu da ganin gemunsa ba
yana tsaye a kaina:
"Baba, saki wuyanka, ba dambe kuke yi da ruwan ba."
Na sha ruwan nan mai warin magani
har na daina neman abincin rana.

Keken ɗan gwanjo ne daga Sabon Gari.
Tayar baya ta sha faci bakwai,
Barau ya ce na takwas sadaka zai yi mini.
Da shi nake zuwa aiki Shika,
farar riga a ninke cikin jaka,
tireloli na huci a bayan kunnena.
Yini guda ina ɗiga jinin mutane a kan gilashi,
na san sukarin rabin unguwarmu,
gwiwata ta hagu kuwa na ƙi kai ta a duba.

Rakiya ba ta ɗaga murya.
Ranar da na yi zancen sabon takalmi
sai ta ɗauko takardar kuɗin makaranta
ta shimfiɗa ta kusa da hoton takalmin a wayata,
ta tashi ta tafi duba miya.
Washegari na kai tsohon wurin mai gyara,
ya ɗinke bakinsa da zaren taya.

Asabar ɗin da na ware wa doguwar tafiya,
keke zuwa Giwa, in dawo in ɗora da gudu,
daren Juma'a jikin Suwaiba ya ɗau wuta.
Ƙarfe biyu, ba ɗan acaɓa, taya ta sace,
maganin da ke gida ya ƙare tun wancan watan.
Na ruga Samaru da silifas.
Ban taɓa gudu irin na daren nan ba,
kuma ban danna agogo ba,
babu inda aka rubuta shi
sai a tafin ƙafata.

Saura mako uku.
Takardar horon da na manna a bayan ƙofa
ramukanta sun fi cikonta yawa,
an zana mata kyanwa da jan biro a kusurwa.
Yau da la'asar a filin makarantarsu
Suwaiba ta zauna da ƙwallayen dabino a cinya,
duk zagaye ɗaya ta jefa guda cikin gwangwani.
Na tabbata goma na yi.
Ta leƙa, ta girgiza, ta ce tara ne.

Rakiya daga inuwar darbejiya ta ce,
"Ƙara ɗaya, tunda ka fara.
Amma gas ya ƙare, ka biya ta can in za ka dawo."