Gwangwanin Dubu Sha Takwas

Riɗi ya yi kuɗi bara.
Na sayar a Gujungu, na ƙirga har sau uku,
na sayo Golf 'yar tsohuwa, ja,
wadda ta ci hanyar Ringim har ta ƙoshi.

A Ƙofar Ruwa wani yaro mai bakin zuma
ya buɗe mini gwangwani, ƙamshi kamar alawar madara.
Ya ce, "Alhaji, kakin goge mota ne na ƙasar waje,
rana ba ta cinsa, ruwa ba ya zama."
Ban taɓa taka Makka ba,
amma Alhajin nan ya ratsa ni har aljihu.
Dubu sha takwas na zare,
taki na jira na a shagon Tasi'u.

Ladidi ta juya gwangwanin, ta shinshina,
ta ce, "Maganin kaushi ne?"
Na ce na mota ne.
Ta ajiye shi a hankali, ta koma tankaɗe,
da shirun nan nata da ya fi faɗa zafi.

Ƙarƙashin darbejiya na yi aikin.
Bokiti huɗu na ruwan rijiya,
tsohuwar singileti, da gumi.
Na shafa, ya bushe fari kamar kanwa,
na murza har kafaɗa ta yi tsami.
Sai jan nan ya farka
kamar barkonon da aka shanya yau.
Yara suka yi layi suna yi wa kansu gwalo a ƙofa.
Ladidi ma, da ta zaci ba na kallo,
ta tsaya ta gyara ɗaurin kallabi.

Ilu direba ya zo wucewa, ya yi dariya.
Shi baƙin mai da kalanzir yake haɗawa,
ɗari biyu, tsumma ɗaya,
kwana biyu tana ƙyalli, na uku ta koma gara.
Ya ce, "Fasinja wuri yake tambaya,
ba ya tambayar sheƙi."

Da asuba na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.
Zakarana ne.
Ya ga wani zakara ja a jikin ƙofar baya,
mai irin zankonsa, mai irin taurin kansa,
ya rantse gidan nan ba zai ɗauki biyu ba.
Kafin in nemo takalmi
ya rubuta mini wasiƙa da ƙafa a kan fenti.
Ranar Juma'a muka ci shi da shinkafa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa wa yaron Ƙofar Ruwa:
da ruwan farko ya sauka
na ga ɗigo yana mirginawa
kamar a kan ganyen gwaza, bai zauna ba.
Na tsaya a zaure ina kallo, ina jin daɗi,
kamar ni na ƙera ta.

Amma ranar kasuwa ba ta san kaki ba.
Buhu shida a but, awaki biyu, mutum bakwai,
taɓo daga Kyarama har kwalta.
Tayar baya ta fashe dab da gada,
tayar da na ce zan canza in an sha ruwa.
Na zauna bakin hanya ina lissafi:
gwangwani ɗaya, taya ɗaya ta hannu.
Ilu ya tsaya, ya kwashe fasinjana,
bai ce komai ba, ya dai yi mini hon sau biyu.

Yanzu gwangwanin ya ƙare.
Ladidi ta wanke shi, ta zuba allura da maɓallai.
Masara ta yi ɗan gajarta bana, na san dalili.
Rufin motar bai yi tsatsa ba, na san dalili.
In ka tambaye ni ko ya ci kuɗinsa,
sai in ce ka tambayi zakara.
Shi kaɗai ya ɗauki ƙyallin da gaske.