Lissafin Safiya a Valdivia

Ruwan sama ya ɗauke da hantsi.
Ni da Eleuterio muka bi gaɓar kogi,
shi da madubin hangen nesa mai tsagaggen ido,
ni da littafin matarsa.

Kwasakwasa bakwai a bayan kasuwar kifi
suna jiran hanjin da Fresia za ta watso,
sun yi cirko-cirko kamar masu bin bashi.
Zalɓe guda, a kan ƙafa ɗaya, bai kula kowa ba.

"Rubuta ɗinya biyu masu baƙin wuya," in ji shi.
Na duba. Ɗaya ce, sai inuwarta a ruwa.

Shafin bara, da hannun marigayiyar: biyu.
Jirgin fito ya busa ƙaho a ƙarƙashin gada.
Na lashi bakin fensir,
na rubuta biyu.