Tsagar da ke Kuncin Sarki

Ohaj masunci ne ya kawo shi,
ƙunshe a tsumma mai ƙarnin kifi.
Ya ce a wani kufai ya tsinta, kudu da Sawakin,
inda teku ta ci gini ta bar duwatsu.
Na ɗora a ma'auni: giram sha huɗu da 'yar ɗoriya.
Na biya shi kuɗin azurfa, ya tafi sayen man jirgi.

Ni maƙerin fari ne, jikan mahajjata
da suka taso daga Haɗeja a ƙafa,
guzuri ya ƙare musu a bakin Bahar Maliya,
suka ce bari mu ɗan huta, hutun ya zama unguwa.
Abu ɗaya na sani game da azurfa:
ta shiga wuta, ta fito zobe.

Har na hura gawayi, kasko ya yi ja,
sai ga Dakta Mu'awiya, likitan haƙori daga Bur Sudan,
ya zo karɓar awarwaron matarsa.
Idonsa na sauka kan faranti ya cafke hannuna
kamar mai hana yaro taɓa kunama.

Ya zaro madubi, ya ce, Usta Barau, duba.
Kan wani sarkin Yunanawa ne,
ba rawani, ba hula, zare kawai ya ɗaure suma,
haɓa ta turo gaba irin ta mai gardama.
A baya gaggafa ta damƙi tsawa da farce,
haruffa sun kewaye ta, ba ajami ba, ba boko ba.
Ya ce ya haura shekara dubu biyu,
ya ce wataƙila maharbin giwa aka biya da shi a gaɓar nan,
ya ce ko kalmar dirhami daga bakinsu ta faɗo.

Talatin da bakwai yake da su a gida,
kowanne da ɗakinsa a akwatin karan-miski.
Da dare in an ɗauke wuta
yakan jera su gaban fitila yana kiran sunayensu
kamar mai kiwon tantabaru.
Na ce, Dakta, sarakan nan sun san da kai?
Ya yi dariya, ya ce shi ya sa muke shiri.

Ya taya ninki arba'in na nauyinsa,
sannan ya yi tsaki kan wata tsaga a kuncin sarki,
wai ita ta rage masa daraja.

Na karɓi madubin.
Tsagar nan na san ta.
Bakin kurfi ne, sara ɗaya, hannu bai yi rawa ba.
Wani irina ne, a wata rumfa mai zafi,
aka miƙo masa fuskar mai ƙasa da teku,
ya ce sai na ga cikinta tukuna.
Ya sara, ya ga fari har ƙasa, ya gyaɗa kai.
Ba a buga sunansa ba.
Ga dai hannunsa.

Na sayar.
Haya na jirana, ga kuɗin makarantar Hansatu.
Na aika aka kira Ohaj, na ba shi rabi,
kada ma'auni ya kai ƙarata ranar gobe.
Amma kafin Dakta ya naɗe shi a auduga
na danna shi cikin kakin zuma, na ajiye a taga.

Ranar Sawakin ba ta jin Yunananci.
Kafin la'asar hanci ya zube,
suma ta bi shi, zaren sarauta ya narke.
Da na zo rufe rumfa da magariba
ɗan tudu siriri kawai ya saura a kakin,
daidai inda tsagar ta kwanta.
Na shafa shi da babban yatsa,
na ce, sannu da aiki, abokin sana'a.