Allurai a Kan Taswira

Aikina a yaƙin nan bai wuce soka allura ba.
Ban harbi kowa ba. Ni ne Kofur Talle, mai tsaron taswira
a tsohon gidan Turawan kuza da ke Bukur,
inda rufi ke yoyo a kusurwa uku,
muka tara da bokiti, da tukunya, da hular kwano.

Jar allura tamu ce, baƙa tasu.
Kowace ɗaya mutum ɗari da ashirin,
da takalmansu, da tarinsu, da bashin da suka baro gida.

Janar Mancha ba ya tsawa.
Masu tsawa na can ƙasa, masu igiya uku.
Shi da asuba yake shigowa, sanyin Jos na bin sa a baya,
cikin rigar sanyi da maɓalli ɗaya ya ɓalle,
ya tsaya gaban bango kamar mai ziyarar kabari.
Tambayar farko ba ta sauyawa:
"Sun ci abinci?"
Ta biyu: "Man motoci fa, na kwana nawa?"
Dā na zaci janar takobi ne.
Ashe ma'auni ne, mudu a hannu,
yana awon gari, awon harsashi, awon barcin mutane.
Ya san bataliyar da damina ta cinye wa ƙafafu,
ya san kanar ɗin da ke ƙara gishiri a rahoto.

Da dare oba-oba kan kamo muryar wancan ɓangaren,
Hausarsu irin tamu, har da "ka ji ko".
Ran nan ya ɗaga yatsa, muka yi tsit.
"Barau ne wannan. Ni na koya masa karatun taswira.
Hagu zai bi. Ko a ƙwallo hagu yake bi."
Ya yi murmushi, murmushin ya rasa wurin zama.

Wata Laraba, ruwa har da ƙanƙara,
kamfanin Kyaftin Nanpon ya maƙale a hayin kogi,
baƙaƙen allurai tara na matsowa.
Gada ɗaya ce. In an bar ta, su taran za su haye,
a bayanmu kuwa gari ne, asibiti, kasuwa, makarantar makafi.
Hafsoshi suka yi ta musu, kowa da sandarsa a bango.
Shi gyaɗa yake ɓarewa, bai ci ko ɗaya ba,
jera ƙwayoyin yake a bakin tebur.
Biyu da kwata ya karɓi oba-oba da kansa.
"Nanpon, ni ne. Ba zan turo kowa ba.
Ƙarfe uku gada za ta tashi. Riƙe min su zuwa asuba."
Shiru. Ruwa a kan kwano.
"An gama, ranka ya daɗe.
A gaya wa matata akuyar nan ta aro ce, a mayar."

Da gari ya waye na kai hannu zan zare allurar.
"Bar ta."
Kwana shida tana tsaye ita kaɗai a gefen shuɗin layi.
Ran na bakwai ya zare ta da kansa,
ya kori akawu, ya zauna da jerin sunaye,
wasiƙa bayan wasiƙa, har yatsansa ya yi kanta.
Akuyar kuwa, direbansa ne ya mayar.

An ce mun ci yaƙin. An yi fareti.

Yanzu dankalin Turawa nake sayarwa a Farin Gada.
Bara na gan shi yana taya kabeji, ya ranƙwafa,
rigar sanyin nan ce dai,
inda babu maɓalli jar allura ce ke riƙe da ita.
Bai gane ni ba.
Samarin da ke sauke buhuna daga tirela ya tsura wa ido,
leɓɓansa na motsi, ƙirga yake,
ya kai ƙarshe ya sake daga farko,
sannan ya juyo gare ni a hankali:
"Sun ci abinci?"