Kusa ta Shida

A bayan tashar Jega, inda ake zubar da ɓawon albasa,
motar Baba Arzika ta shekara ashirin da uku a tsugune.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar direba,
tumfafiya ta leƙo ta inda injin yake numfashi.
Na ce zan tashe ta.
Aka yi dariya, har mai shayi ya ƙware.

Na fara da ƙofa, don ta nan yake shiga.
Hinji biyu, kusa shida,
kowace ta sha damina ta ƙoshi,
tsatsa ta haɗa su da ƙarfe kamar jini da tsoka.
Na ɗora sifana, na danna da ƙarfin tuwon safe.
Sifana ta zame, ta tafi da fatar yatsuna uku.
Kusa ko gezau.

Labbo mai walda yana kallo daga inuwar dalbejiya,
goro a kunci, tabarau a goshi.
Ya ce, "Yaro, kak ka yi mata hushi.
Ta riga ka zama nan wurin."

Sai na koma lallashi.
Kalanzir da man birki a murfin kwalba,
ina ɗiga mata da gashin kaza
safe da yamma, kamar mai jinyar kunne.
In ƙwanƙwasa kanta da guduma, a hankali,
irin sallamar da ake yi a gidan surukai.
Kwana huɗu.
Ran na biyar ta farko ta yi ƙara, ƙiii,
kukan tsohuwar da aka tasa daga barci,
ta juya rabin juyi, na mayar, na sake,
ta fito tana zubar da jan gari a tafina.

Biyu suka biyo ta ba gardama.
Ta huɗu da ta biyar sai da Labbo ya kawo wuta,
ya gasa su suka yi ja kamar gauta,
muka watsa ruwan randa, ƙarfe ya yi tsaki, ya saki.

Saura ɗaya, can ƙasa.
Na kankare kanta, sai na ga ba 'yar gidan ba ce:
ta fi ramin kauri,
an tura ta da ƙarfin tsiya, zare ya hau zare.
Labbo ya duƙa, ya daɗe, ya tofar da goro.
"Aikin ubanka na.
Hanyar Aliero, da dare, albasa buhu sittin,
ƙofa ta faɗi cikin laka.
Daga jikin amalanke ya ciro ta."

Baba, kai da kake cewa komai a bi shi sannu,
kai da ka mare ni don na ja akuya da ƙarfi!
Na zauna a ƙasa ina dariya
har ta juye ta zama wani abu.

Ba ta fito ba. Wuyanta ya karye a hannuna.
Gobe za mu huda sauran, mu yanka sabon zare.
Ƙofa tana jingine da bango, hinji a cikin kalanzir,
kan kusar kuma yana aljihuna,
yana ɓata mini riga da tsatsa.