Ruwan Ramin Kuza

Ƙarfe shida na safe, Jos ba ta gama miƙa ba,
ina tsugune bakin tsohon ramin kuza, bayan Bukuru,
kwalabe goma sha biyu cikin kwandon cefane.
Ruwan ya kwanta lamo, kore shar, kamar bai taɓa laifi ba.
Wata mata na ɗiba don ban-ruwan kabeji,
ta dubi safar hannuna, ta ce,
"'Yar nan, magani kike haɗawa?"
Na ce, "Tambaya nake ɗiba, Mama."
Ta yi dariya, ta aza bokitinta.

Shekara shida ina yi wa ruwa tambaya ɗaya:
dalma nawa ka ɓoye?
Biyu yajin aiki ya lashe.
Guda ta tafi a jiran fitilar na'ura
wadda aka ce tana hanya,
tana tashar jirgin ruwa,
tana hannun wani da ya tafi hutu.

Ɗakin gwajinmu na warin asid da tsohon katako.
Baba Choji, mai makullai tun kafin a yaye ni,
ya san kowace kwalba, ya san wanda ya fasa 'yar'uwarta.
Shi ya ce mini asid ake zuba wa ruwa,
ba ruwa ake zuba wa asid ba.
"Haka kuma za ki riƙa yi wa farfesa magana:
ɗigo-ɗigo, kina motsawa."

An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ni na dafa shi da gaske,
na daka, na tankaɗe, na auna, na ɗora,
awa huɗu yana ɓararraka,
saura minti ashirin aka ɗauke wuta.
Romon nan dai ba a sha.

Maƙalata ta yi tafiyar da ban taɓa yi ba.
Ta ƙetare teku sau uku, sau uku ta dawo.
Mai bita na ɗaya ya ce madalla.
Na biyu, wanda ban san fuskarsa ba
amma nakan gan shi a mafarki da jan biro,
ya ce a maimaita awon da na'urar da ba mu da ita.
Da suka amince daga ƙarshe,
sai takardar kuɗin bugu ta biyo, da dala.
Na lissafa a bayan littafin awo:
albashin wata bakwai,
ko buhun dankali nawa a rumfar Inna a Farin Gada?
Na bar lissafin nan, ya fi na sinadarai ɗaci.

Nanret ta koma Abuja, tana auna ruwan roba a kamfani,
ta turo hoton ofis mai sanyi, ta ce akwai gurbi.
Sagiru ya haye, yana can inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙofa,
sunansa na huɗu a jerin mutum tara.
Takardar neman aikin tana jakata, na cike rabi.
Ba na cewa ba zan tafi ba.

Inna kuwa tambayarta ɗaya:
"Dakta za ki zama, amma ba kya duba hawan jini?"

Jiya da la'asar wuta ta zauna.
Na'ura ta yi tari, ta tofo lamba.
Na maimaita sau uku. Ba ta canza ba.
Baba Choji ya cire tabarau, bai ce komai ba.

Wannan lamba za ta shiga jadawali na biyu, shafi na biyar,
mutum arba'in a duniya za su karanta,
wataƙila ta zame mini tsanin ƙarin girma.
Amma gobe Asabar.
Zan hau mota zuwa Bukuru ba kwando, ba safa,
in nemi matar nan mai bokiti.
Tun dare nake juya maganar a baki,
ɗigo-ɗigo,
ban ko tambayi sunanta ba.