Jimillar Bashi

Hawa na tara, Marina, goman dare.
Janareta na tari, ruwa na dukan taga.
Oga Akinwale ya ce, "Ɗanlami, haɗa mini
duk abin da ake bin mu kafin safiya."

Hagu, abin da muka mallaka:
motocin haƙa, fili, kuza a sito.
Dama kuwa, ciki ne a buɗe.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
har kamfani mai bangon gilashi.

Na banki, da kuɗin ruwansa.
Na mai dizal da ya gaji da kira.
Harajin bara. Albashin leburori, wata biyu.
Can ƙasa, wani layi siriri:
kuɗin cike ramuka idan an tashi,
shekara goma sha biyar nan gaba.

Na san ramin. Ruwansa kore ne.
Saniyar Kawu Jatau tana ciki,
tarin Baba ma daga can ya taso.
Su ba su da layi.

Na tara, na ja layi biyu.
Ko kobo bai ɓata ba.

A Obalende kwandasta ya riƙe canjina,
ya ce gobe.
Na rubuta a tafin hannu.